Tsagar Baba Ƙurungu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan tsaunuka, an yi wani sarki mai suna Gajimare, wanda ƙasarsa ke cike da tsoffin fadoji na kakanni, masu dogayen zankwaye da sanyin soraye, inda aljanu ke zaune suna tsaron rijiyoyi. Sai yaƙi ya zo, abokan gaba suka bi fadojin nan suna rusawa. Aljanu suka kwaso komatsansu suka tare a gidan Sarki, wani cikin tulu, wani cikin rawanin Waziri.

Wata safiya tsohon aljanun, Baba Ƙurungu, ya leƙo daga buta, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, mu ba mu saba cunkoso ba. In ba a ba mu muhalli ba za mu ƙaura, ruwan rijiyoyinku kuwa ya bi mu."

Ga shi kuwa ba a gini ana yaƙi. Sai 'yarsa Gimbiya Tasalla, gwanar zane, ta durƙusa. "Allah ya ja zamaninka, a ba ni takarda, a haɗa ni da Jatau, Sarkin Magina, ya nuna mini hanya, in zano musu fadojinsu su zauna a ciki."

Suka isa kufai na farko hayaƙi bai gama lafawa ba. Ta ɗebi ruwan rijiyarsa ta jiƙa shuni da jar ƙasa da rawaya, launi ya riƙa tafiya a takarda kamar hadari. Tausayi ya kama ta, ta zana fadar sumul, babu ko ƙwarzane.

Da ta kawo, Baba Ƙurungu ya ƙura wa zanen ido, ya taɓe baki. "Haba, 'yar nan! Ina tsagata ta bangon gabas? Nan fa aka yanke mini cibi! Wannan gidan baƙi ne."

A ranar guga ya fara dawowa da laka. Tasalla ta koma, gangunan abokan gaba na matsowa, ta zana abin da idonta ya gani: tsaga, ƙuna, zankon da ya karye, sheƙar tsattsewa. Ta bi sauran fadojin haka nan. Aljanu suka shige zanen ɗaya bayan ɗaya, har fitila ta riƙa motsi a tagogin takarda. Ruwa ya dawo.

Da yaƙi ya ƙare, Jatau ya sake gina fadojin yana duban zanen. Duk gidan da aljanunsa suka koma, takardarsa sai ta zama fara fat. Sarki ya aurar da Tasalla ga Jatau, bisa yardarta.

Takarda guda ce ta ƙi yin fari, ta Baba Ƙurungu. Jatau ya rusuna ya ce, "Baba, na bar maka tsagarka a bango."

Baba Ƙurungu ya amsa daga cikin takardar, "Sannunka, angon zamani. Amma nan ba yoyo, ba ƙadangare. Na zauna!"

Aka rataye zanen a ɗakin amarya. Kowace damina yakan yi ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani lokaci har da minshari.