Tabawa da Ƙwarar da Ta Raina

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun baza kunnuwa.

An yi wata mata mai suna Tabawa, sana'arta man kaɗanya. A dajin garinsu akwai kaɗanya uku: ta fadama, ta tudu, da ta cikin duwatsu. Ran nan Tabawa ta ce za ta shuka kurmi guda, domin jikokinta su gaji sana'ar. Ta ɗauki kwando ta tafi neman iri.

Ta fadama ta ce, "Tabawa, ɗauki ɗana." Ta ɗanɗana, ga zaƙi, ga ƙwara ƙatuwa mai maiƙo. Ta cika kwando.

Ta tudu ta ce, "Tabawa, ɗauki ɗana." Tabawa ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin? Allah ya kiyaye." Ta jefar.

Ta duwatsu ta ce, "Tabawa, ɗauki ɗana." Tabawa ta ɗanɗana ta ce, "Bauri gare shi." Ta tofar.

Ashe Kurege na biye da ita. Duk ƙwarar da ta jefar, caraf ya cafe, ya tona rami ya binne don gobe. Kun dai san Kurege da mantuwa, bai ƙara komawa ta kansu ba.

Tabawa ta shuke irin fadama kaf. Ta tudu da ta duwatsu kuwa, ta kira masassaƙi ya sare su, aka yi turame. Kurmi ya tashi, Tabawa ta yi furfura, mai ya cika tukwane.

Sai ruwan sama ya sake hali. Ya zo a makare, ya ɗauke da wuri. Shekara ɗaya, biyu, uku. Fadama ta tsage. Uwar, kaɗanyar fadama, ta bushe, 'ya'yanta suka bi ta a rani guda, don duk jininsu ɗaya, ba wanda ya iya ƙishirwa. Wallahi yara, ko ni da nake ba ku labari, tausayinta nake ji.

Ta zauna kan kututture tana kuka. Kurege ya leƙo.

"Iya, me ya faru?"

"Ɓarawon ƙwarata, ƙyale ni. Ban bar wa jikokina komai ba sai itacen girki."

"Iya, taso ki raka ni. Na yi ajiya, na manta inda take."

Suka hau tudu, sai ga kaɗanya koriya shar, saiwarta ta nutsa ƙasa. Suka shiga duwatsu, ga wasu sun yi 'ya'ya jingim. Itatuwan suka haɗa baki: "Tabawa, ɗauki ɗana."

Tabawa ta durƙusa. Ta ce, "Ni na sa aka sare iyayenku."

Suka ce, "Mun sani. Ɗauki dai."

Ta tsinci na tudu, ta tsinci na duwatsu, manya da ƙanana, masu zaƙi da masu bauri, ba ta zaɓa ba. Ta zuba wa Kurege nasa a gindin kowace bishiya.

Ya ce, "Iya, zan fa sake mantawa."

Ta ce, "Don Allah ka manta."

To yara, in za ku ɗebi iri, ku ɗeba daga uwa da yawa. Ba ku san irin shekarar da ke tafe ba, kuma kowace bishiya da wahalar da ta iya ɗauka.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege, ya tafi neman ajiyarsa har yau bai gano ta ba.