Hannun Shekarau Mai Riƙe Igiya

Ku matso kusa, yara. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari an yi wasu aminai biyu, Shekarau da Nomau, sana'arsu haƙar rijiya. Nomau ne mai sauka ƙasa da diga. Shekarau ne mai riƙe igiya a sama, ya zura shi, ya jawo ƙasa a kwando, ya fito da shi. Tun suna samari haka suke, har furfura ta fara fito musu.

Ana nan, sai hannun Shekarau na dama ya fara mutuwa. In ya damƙi abu, sai yatsun su saki da kansu. Sai tsoro ya kama shi. Ya ce a ransa, "In na faɗa, Nomau zai nemi wani. Ni kuma ban iya komai ba sai igiya." Sai ya ɓoye ciwon.

Rannan ƙwaryar fura ta suɓuce masa. Matarsa Tasalla ta ce, "Maigida, me ya sami hannunka?"

Ya ce, "Ba komai. Ƙwaryar ce da santsi."

Suka fara sabuwar rijiya a bayan gari. Shekarau na jan kwando, sai igiya ta zame, ƙasa ta zubo wa Nomau a ka. Nomau ya ɗaga murya daga ciki, "Shekarau, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Igiyar ce ta tsufa."

Aka sayo sabuwa. Kwando ya sake faɗawa. Da Nomau ya fito, ya ce, "Abokina, ko na yi maka wani laifi ne?"

Maganar ta zo wa Shekarau har baki. Sai ya haɗiye ta, ya kau da kai, ya ce, "Ba komai."

Nomau ya ɗauka gaba ake yi da shi. Shi ma sai ya ja bakinsa. Suka daina cin abinci a akushi ɗaya. In sun zo aiki, gaisuwa kawai.

Rijiya ta yi zurfi, har ƙasa ta fara danshi. Shekarau na jawo Nomau, ya kawo shi rabi, sai yatsun suka buɗe. Ya kai haƙori ya ciji igiya, ta fizge. Sai ya ji ƙarar faɗuwa.

Mutane suka fito da Nomau, bayansa ya karye. Shekarau ya durƙusa kusa da shi, ya ɗaga hannun da ɗaya hannun, ya ce, "Nomau, duba. Ya daɗe da mutuwa. Tsoro na ji ka rabu da ni."

Nomau ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce, "Ashe ciwo ne. Ni ina can ƙasa ina ta neman laifin da na yi maka. Da ka faɗa, ai da mun nemi na uku ya riƙe igiya, kai ka zauna kana yi mini hira."

Nomau bai kai la'asar ba ya cika.

Aka rufe bakin rijiyar da ƙaya, ba wanda ya taɓa shan ruwanta. Shekarau kuwa kullum yana zaune a gefenta, yana faɗa mata duk abin da ke damunsa. Ba mai amsawa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Yara, in abu na cin ku, ku faɗa wa na kusa da ku tun yana iya jin ku.