Gizo da Garwashin Wankan Jego

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso, ku daina tsungulin juna.

Ƙoƙi matar Gizo ce ta haihu. Ana cikin wankan jego, wata safiya wuta ta mutu a murhu. Ta ce, "Maigida, ruwan sanyi ba ya taɓa jikin mai jego. Ɗebo min wuta wajen wanda ya fi kusa, garwashi ba ya jure tafiya."

Lokacin cin zuma ne, maƙwabta duk suna daji, kowa na yawo da bakin wutarsa.

Gizo ya hau kuka, ya hango hayaƙin Zomo a gindin tsamiya, kusa-kusa. Ya sauko da kasko, ya ruga. Ya tarar da toka, Zomo ya yi gaba.

Ya sake hawa. Ga hayaƙin Dila a bakin rafi. Ya ruga. Sai sawu.

Ya hau na uku. Ga na Biri a bayan suri. Wannan karon ya bi shi har tsauni, yana haki.

"Biri, tsaya mana! Ɗazu fa kai ne kusa!"

"Ɗazu ke nan, Gizo. An ce maka dasa ni aka yi?"

Biri ya sam masa garwashi. Kafin Gizo ya iso gida, ya zama gawayi.

Ƙoƙi na rawar sanyi, jariri na tsala kuka. Ta ce, "Kai kallo ɗaya kake yi ka diro kamar an koro ka. Koma ka zauna. Hayaƙin da ke ƙanƙancewa tafiya yake. Wanda ke girma, shi ke zuwa."

Gizo ya hau yana gunaguni. Ya duba, ya jira, ya sake dubawa. Can nesa wani ɗan siririn hayaƙi yana ƙara kauri. Sai ya sauko, ya taka kaɗan, ya zauna a bakin hanya ya miƙe ƙafafunsa takwas. Ga Bushiya tafe da zuma da wuta.

"Sannu Bushiya! Tun asuba ke nake jira, na ce ba wutar da zan karɓa sai taki."

Maƙaryaci! Bushiya ta ji daɗi, ta cika masa kasko, har da saƙar zuma. Ruwa ya tafasa, Ƙoƙi ta yi wankanta. Zumar kuwa, a hanya Gizo ya lashe.

Kun ji, jikokina: mai tafiya ba a tambayar inda yake kawai, a duba inda ya dosa. Kuma a duba sau biyu kafin a ruga.

Ƙungurus kan kusu, na jefa shi bayan danga!