Garin Baba Haladu na Cikin Waya

To jama'a, ku matso, ga wata na kawo muku sabuwa ful. Kai mai jar hula, kife wayar nan tukuna. Labarin ma na waya ne, ba abin da zai wuce ka.

A Ƙauran Namoda aka yi wani dattijo, Baba Haladu, tsohon direban jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya gwiwoyi suka ƙi, sai ya koma zaman zaure, daga tabarma sai masallaci. 'Ya'yansa uku: Nafi'u mai gyaran waya a Gusau, Zulai ma'aikaciyar jinya a Jidda, da autansu Sagir da ke karatu a Masar. Nafi'u ne ya ga zaman shiru zai cinye tsohon, ya sa masa wani wasa na intanet a waya, wanda ake shimfiɗa layin dogo, a gina tashoshi, a yi ta jigilar kaya tsakanin garuruwan 'yan wasa.

Kai, ai kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa! Baba ya gina gari guda a cikin wayar nan, da gadoji da kasuwa da komai. Ya yi abokai, wani ɗan Sudan, wani ɗan Indunusiya. Ba mai jin yaren wani, amma kullum da safe sai sun aika wa juna tarago cike da shinkafa, gaisuwarsu ke nan. Tsoho ya koma dariya, har ƙiba ya yi.

To, jirgin wasan nan ba ya tashi sai da kwal, kwal kuwa da kuɗi na gaske ake saye. Kamfanin wasan ya yanka wa kowace ƙasa farashinta, wata da sauƙi, wata da tsada. Mu kuwa, ko me muka yi musu oho, sai suka haɗa mu da Turawa suka ce sai da dala. Baba bai san da wannan ba. Shi dai kullum ya buɗe ya tarar da rumbun kwal a cike, sai ya ce, "Masu wasan nan 'yan albarka ne, Allah ya yi musu albarka."

Ashe 'ya'yansa ne. Kun san halinmu, ɗa na kirki ba ya yi wa uba hidima ya zo yana shela. Kowannensu ya san lambar sirrin akawun ɗin Baba na wasan, kowa sai ya lallaɓa ya shiga daga inda yake ya zuba kwal, ya yi gum, yana zaton shi kaɗai ne. Na'urar kamfani ba ta san zumunci ba. Ita dai ta ga mutum ɗaya yau yana Gusau, gobe Jidda, jibi Masar inda kwal ya fi araha. Ta yanke cewa mai sauya ƙasa ne don gudun farashi, ta rufe akawun, da gargaɗin in wata ya ƙare ba gamsasshen bayani za a share garin ƙurmus.

Baba ya yi ta danna waya, shiru. Da aka karanta masa abin da aka rubuta, sai ya ce, "An sake yi mini ritaya ke nan." Tuwo ma ya daina shiga. Da 'ya'yan suka yi waya da juna asiri ya tonu, kowa kunya ta kama shi, kowa ya tashi tsaye.

Nafi'u ya tari sashen kula da masu ƙorafi. Ka rubuta kukanka, na'ura ta amsa da "mun gode da haƙurinka", in ka yi jinkirin mayar da martani ta rufe maganar, a koma farko. Mutane da yawa a nan suke zuciya su bari. Nafi'u bai bari ba. Yana gyaran wayar mutane, ido ɗaya na kan tasa, ta amsa ya amsa, ta rufe ya buɗe, har abokan ciniki suka fara guduwa. Da naci ya gajiyar da ita, ta miƙa shi ga ɗan Adam mai jini a jika, wata ma'aikaciya. In ba don shi ba, da ba wanda zai ji kukan ma.

Sai dai Turancin Nafi'u na kasuwa ne, yana bayani matar tana ƙara ruɗewa. Nan Zulai ta karɓa. Ta tashi daga aiki a gajiye, ta zauna ta warware mata komai dalla-dalla: cewa a wurinmu uba mai 'ya'ya ba ya sa hannu a aljihu, kuma wanda ya yi masa ba ya faɗa. Ta nuna mata shaidar biya daga ƙasashen uku, kowacce da sunan Haladu a ƙarshen sunan mai biya. Matar ta gamsu, har ta ce ta tuna da nata uban. Amma ta ce ikon buɗewa ba a hannunta yake ba, sai manyan kamfanin, su kuwa manya ba sa duba maganar mutum ɗaya.

Sagir kuwa, wanda ake wa faɗan yawan zama a intanet, ranarsa ta zo. Ya nemo ɗan Sudan da ɗan Indunusiya, ya bi 'yan wasa na Najeriya da Nijar da Gana, waɗanda dama cikinsu ya cika da tsadar kwal da amsar na'ura. Ya ba su labarin tsohon direba. Suka haɗa baki suka ajiye jiragensu cak, suka ce ba mai sayen kwal sai an buɗe garin Baba an kuma duba farashinmu. Da ciniki ya tsaya, manya suka leƙo da gudu, suka tarar da bayanin Zulai yana jiransu a ƙofar da Nafi'u ya buɗe.

Aka buɗe gari, aka sassauta mana farashi, aka yi hanyar da ɗa zai saya wa uba kwal daga ko'ina ba tare da ya shiga akawun ɗinsa ba. Baba ya yi hamdala, ya ce a ɗumamo masa tuwo.

Don ba da haƙuri, kamfani ya ba shi kyautar babbar tasha a tsakiyar garinsa, wadda duk jirgin da zai ratsa sai ya tsaya a cikinta. Suna ɗaya take ɗauka, in an sa kuma ba a canzawa. Baba ya rantse sunan ɗaya daga cikin 'ya'yansa zai sa, wanda ya fi yi masa ƙoƙari. Ga shi can a zaure har yanzu, waya a hannu, yatsa a sama. Yanzu an kwashe labari an ba shi, ya san su ukun ne suka jawo masa rufewar saboda ƙauna, su ukun ne kuma suka fid da shi.

To, ku da kuka iya gardama, ku raba shi da wannan: Nafi'u, ko Zulai, ko Sagir, sunan wa ya cancanci hawa kan tashar nan?