Likitar Da Aka Kora Daga Bakin Ƙofa

Akwai wata likita a garin Howrah na ƙasar Indiya mai suna Shefali Mondol. Tana cikin na farko da suka riƙa bin lungu-lungu suna koya wa ma'aurata gane alamomin jikin mace, don su ba da tazarar haihuwa ba tare da magani ba. Abokan aikinta har suna suka sa mata, wai "likitar hira".

Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Parul, matar Nitai mai jan keken haya. Haihuwa bakwai, jiki duk ya ƙare.

Shefali ta ce wa mijin, "Ƙanena, wannan abu sai da kai. 'Yan kwanaki ne za ka riƙa haƙuri kowane wata."

Nitai ya tuntsire da dariya. "Yaya, har shimfiɗata za ki raba wa kwana? Ga hanya nan, ki gaida gida!"

Maganar ta yi mata zafi. Duk da haka ta ci gaba da leƙa Parul.

A ciki na takwas jini ya ɓalle. Nitai ya jawo matarsa a keke har asibiti, ƙafa ba takalmi. Aka nemi jini aka rasa. Shefali ta naɗe hannun rigarta ta ce, "Jininta irin nawa ne, ku ɗiba."

Parul ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Nitai ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. "Yaya, zage ni."

"Zagi ba zai ƙara mata jini ba. Tashi ka zauna in koya maka."

Ya koya. Har ya koma shi ke tare maza a wurin mai shayi yana musu bayani, suna tsokanarsa yana ramawa.

Shekaru suka wuce. Ranar bikin babbar 'yarsu, Nitai da kansa ya ajiye wa Shefali kan kifi, rabon babban baƙo a al'adarsu. Da aka zo tafiya da amarya, Parul ta rungume 'yarta tana ta kuka.

Nitai ya matso kusa da Shefali. "Yaya, kin ji kukan nan? Ba don Allah ba don ke ba, da yau yarinyar nan ba ta da mai yi mata shi."

Darasi: Kada baƙar magana ta sa ka janye alherinka, domin mai korarka yau bai san abin da kake ƙoƙarin tsare masa ba. Ku tura wa ma'auratan da kuke ƙauna, kuma ku gode wa likitan da ya taɓa haƙuri da ku.