Yadda Iya Tasalla Ta Bar wa Hukuma Raino

Wata rana da hantsi Malam Haladu, jami'in duba gidajen rainon yara, ya faɗo gidan Iya Tasalla, inda matan kasuwa ke barin 'ya'yansu.

"Iya, doka ta canja," in ji shi, yana hura hanci. "Ba mai samun sabon lasisi sai wadda ta shekara tana raino da shi."

"To yaya zan shekara da abin da ba ku ba ni ba, Yallaɓai?"

"Ke ta shafa. Daga yanzu in kika taɓa yaro, sai na rufe gidan nan."

Iya ta dubi yaran, ta dubi farar shaddarsa.

"Kai fa, doka ta yarda ka taɓa su?"

"Ni? Ai ni ne hukuma!"

"Kuma ta hana a bar yara ba babba?"

"Ƙwarai kuwa."

"Madalla." Ta kwance goyonta ta danƙa masa, ta yafa mayafi. "Iyayensu sai magariba. Wannan ba ya barci sai a baya, ga majanyi nan. Wancan na kan tabarma gudawa yake yi, buta tana bayan ƙofa."

Yaran suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Ɗumin fitsarin jaririn ya fara bin shaddar Malam Haladu yana gangarawa.

"Iya! Dawo ki karɓe shi!"

"Ni da ba lasisi? Rufa mini asiri, ɗan nan, tsoron hukuma nake yi."

Yana jijjiga jariri da hannu ɗaya, ya lalubo takardar lasisi a jakarsa da ɗayan.

"Tasalla wa zan rubuta?"