Jirage Uku na Malam Falalu

Akwai wani dattijo a Limawa, cikin garin Dutse, mai suna Malam Falalu. Shekara talatin ya yi yana koyar da zane a sakandare kafin ya yi ritaya.

'Ya'yansa uku duk aiki ya kai su nesa. Uwaisu, na tsakiyan, shi kaɗai ya dawo Dutse ya gina gida.

Ranar tarewa, Malam ya zo da falankin katako a keke napep. Zanen teku ne, sama ta haɗa hadari, ga jirage uku irin masu ƙyalle da iska ke turawa.

Uwaisu ya yi dariya a gaban abokansa.

"Haba Baba! Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba, ina ka san teku? Wannan duhun ai sai ya ɓata min falo."

Malam ya ce, "To, Allah ya sanya albarka a gidan." Ya tafi ko abinci bai ci ba.

Da damina ta faɗi, Uwaisu ya sa aka rufe akurkin kaji da falankin.

Bayan wata biyar Malam ya rasu.

Cikin masu ta'aziyya har da Malama Martha, wadda suka koyar tare. Ta ce wa Uwaisu, "Ina ka rataye zanen nan na mahaifinka? Wata huɗu ya yi a kansa. Da yake na zauna a Legas, kullum sai ya zo yana tambayata yadda ruwan yake."

Uwaisu ya sunkuyar da kai.

Ta ci gaba, "Ya ce min jiragen nan ku ne, ku 'ya'yansa uku. Hadarin kuma kewarku ce. Biyu sun miƙa, ɗaya ya juyo gida. A ƙarƙashin wannan kaɗai ya haska ruwan. Ya ce, 'Uwaisu zai gane.'"

Uwaisu ya tashi ba takalmi ya nufi bayan gida. Ya ɗaga falankin. Ruwan sama ya wanke fentin, katakon ya kumbura, kashin kaji ko'ina.

Ya yi ta gogewa da hannun rigarsa yana neman jirginsa. Bai same shi ba.

Darasi: Kafin ka raina abin da iyayenka suka miƙo maka, tambaye su abin da suke nufi da shi tun suna raye. Ku tura wa wanda har yanzu yake da mahaifin da zai tambaya.